Dogo, ɗan riƙo

Ranar da na shigo da Dogo gida, uwargidana ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ƙare masa kallo, tun daga dogon bakinsa har siririyar jelarsa, sannan ta ce, "Malam, duk karnukan Ingila ka rasa wanda za ka ɗauko sai baƙi?" Ban tanka ba, don tun a mota nake yi wa kaina wannan tambayar. Shekarata 53 a lokacin, da 'ya'ya uku, na yi saukar Alƙur'ani tun ina yaro a Kano, ga ni tsaye a gidana na Manchesta riƙe da igiyar kare mai kilo 33, an ɗaura masa takunkumi da rigar sanyi.

Ciwo ne ya kai ni. A watan Fabrairu na 2022 zuciyata ta buga ina ɗaura takalmi zan fita aiki. Aka sa mini ɗan bututu a jijiyar da ta toshe, Allah ya yi da sauran kwana. Ni direban bas ne, kuma a ƙasar nan mai tuƙa bas ko babbar mota in ya yi irin wannan ciwo, dole ya ajiye sitiyari aƙalla mako 6, kuma ba zai koma ba sai ya ci gwaji: minti 9 a kan injin tafiya, ƙirji duk wayoyi, bayan kowane minti 3 a ƙara masa sauri da tudu. A minti na 6 na ɗaga hannu na ce a tsaya. Aka ce in je in riƙa tafiya kullum, in dawo.

To, Bahaushe ba ya tafiya haka kawai. Ko kasuwa za shi, ko masallaci, ko gaisuwar mutuwa. A ce ka fito ka zaga fili ka koma gida ba wanda ka gani, ba abin da ka sayo, wannan a wurinmu alamar ciwon kai ce. Sai in yi kwana uku ina fita, in yi goma ina kwance gaban talabijin. Jiki ya yi nauyi, rai ya yi nauyi, har yara suka fara raɗe-raɗi in na shigo falo.

Wata safiya a watan Yuli, bayan sallar Asuba, uwargida ta kusan tura ni waje da hannunta. Na nufi filin shaƙatawa na Debdale da ke unguwarmu ta Gorton, wanda ke gefen madatsar ruwa. Can na hango wata dattijuwar Baturiya tana tafe da karnuka biyu, sai na tsaya cak. Na san wannan sura. Dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame kamar an ɗaure shi da igiya, kai siriri, tafiya a hankali kamar ba sa son taka ƙasa. Ƙauyenmu yana kusa da Maigatari ne, kuma ina yaro in Buzaye suka sauko da raƙuma cin kasuwar Alhamis, wani lokaci akan ga irin waɗannan karnuka a bayansu, waɗanda yanzu duniya ta sani da sunan Azawak. Kakana ma, wanda aka sa mini sunansa, mafarauci ne, kuma karnukansa sirara ne masu bin zomo da ido. Shekara arba'in da wani abu ban tuna da su ba.

Na gaishe ta, na ce mata na san danginsu a ƙasarmu. Ta ce waɗannan karnukan tsere ne, su ne Turawa ke kira girehawun, kuma ba nata ba ne, riƙonsu take yi. Kalmar da ta faɗa da Turanci ita ce wadda suke faɗa wa yaron da aka ba wani gida ya riƙe. Na ce a sake faɗa mini. Ta ce ai kare in ya gama tsere, ko ya tsufa ko ya ji rauni, ƙungiyoyin agaji kan karɓe shi, wasu su zauna a keji har a sami mai so, wasu kuma a kai su gidan mutum irinta su koyi zaman gida tukuna. In sun koya sai ta miƙa su, a kawo mata wasu.

Ni ɗan riƙo ne. Ina da shekara 7 mahaifina ya ɗora ni a mota ya kai ni Kano wurin ƙanwarsa, Goggo, wadda Allah bai ba haihuwa ba. A hannunta na yi shekara 11. Don haka da matar nan ta ce riƙo, wani abu ya motsa a raina, amma ban bi ta kansa ba a ranar.

Daga nan muka riƙa haɗuwa kusan kullum. Ta ba ni igiyar ɗaya in riƙe, ita ta riƙe ɗaya, muna zagaya ruwan tana ba ni labari. A bakinta na ji abin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa ban sani ba. Filin Belle Vue, wanda na sha bi ta gefensa da bas, nan ne aka fara tseren karnuka a zagayayyen fili a Birtaniya, a watan Yuli na 1926. An rufe shi a 2020, aka rushe aka yi gidaje. Karnuka shida ake sakewa lokaci guda, kowanne da launin rigarsa, ja na ɗaya, shuɗi na biyu, fari na uku, haka har shida, su bi wani zomon ƙarya da inji ke ja. Tazarar da aka fi yi ba ta kai mita 500 ba, cikin kamar daƙiƙa 30 an gama. Caca ce ke riƙe da harkar baki ɗaya, shi ya sa ake yin tsere har da rana tsaka ba 'yan kallo, don kawai a haska a shagunan caca. Kare kan fara tun bai cika shekara biyu ba, kafin ya kai biyar yawanci an gama da shi, alhali yana iya rayuwa shekara 12 ko fiye. Ta ce abin da ya sa ta fara riƙo shi ne labarin da jarida ta bankaɗo a 2006, na wani mutum a garin Seaham da ke karɓar fam 10 a kan kowane kare, ya kashe shi ya binne a filin bayan gidansa. Yanzu an gyara wasu abubuwa, tun 2020 mai kare kan ajiye kuɗin ritayarsa tun ranar rajista, amma ta ce har gobe karnukan sun fi gidajen yawa.

A watan Agusta aka kawo mata baƙin. Yana ɗingisawa kaɗan da ƙafar dama ta baya. Ta ce wannan ce ƙafar da ta fi karyewa, domin kullum hagu suke juyawa a fili, nauyin kwanar duk a kanta yake sauka. Ta buɗe mini kunnuwansa, na ga koren rubutu a cikin kowanne, haruffa da lamba. In a kunne biyu ne, ta ce, haihuwar Ayalan ne, kuma daga can ake kawo mafi yawansu. Na ce ashe shi ma baƙo ne, da shaidar gidansu a jiki kamar mai tsagar gado. Daga baya 'yata ta bi lambar a intanet ta zaƙulo tarihinsa kaf: tsere 61, ya ci 9, na ƙarshe bai kai ƙarshen fili ba.

Wata biyu yana gidanta ba wanda ya tambaye shi. Ta ce baƙaƙe, musamman manyan maza, su ne ke daɗewa, mutane sun fi son masu launin toka ko masu zane. Na yi dariya na ce ashe ba mu kaɗai ke gudun baƙin kare ba.

Ban san ranar da na yanke shawara ba. Na dai lura cewa tun da na fara riƙe igiyarsa ban fasa fita ko sau ɗaya ba, don na san tsohuwa na jira da karnuka biyu da hannu mai ciwon sanyi. Sai na je wurin wani malami ɗan ƙasarmu da muke sallar Juma'a tare, na zayyana masa komai. Bai yi mini sassauci ba. Ya kawo hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Sannan ya ce a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki ibada ce da aka umarta. Ya tuna mini cewa aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Ya kuma ba ni labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don tsaro, da aka ce masa Imamu Malik ya karhanta haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Na ce, "To Malam, ni ina na faɗa?" Ya ce, "Kai ka san girman larurarka, ni ban sani ba. In za ka yi, ka ware masa wuri, kada ka mai da shi ɗan gida."

Ban fito da fatawar da nake so ba, kuma ba zan ce wa kowa ya yi abin da na yi ba. Har yau wani lokaci in na tuna ƙiraɗin nan sai in ji wani iri.

Uwargida ta kafa sharuɗɗanta: ba falo, ba kicin, ba sama, kwanonsa daban, soson wankinsa daban, kuma hannunta ba zai taɓa shi ba. Muna da wani ɗan ɗaki na gilashi a bayan gida, ƙofarsa na fita lambu, nan aka ware masa. Ƙungiyar ta aiko mutum ya duba gidan, ya auna shingen lambu ya ce ƙafa shida ya yi, ya tambaye mu ko muna da kyanwa ko ƙananan yara, da awa nawa gidan ke zama ba kowa. Na biya fam 200. An riga an yi masa fiɗiya da allurai, an sa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta wa kowane kare a nan tun 2016.

Ranar ɗaukarsa, a watan Oktoba, na shiga gidan tsohuwar karo na farko. Jikin firjinta cike da hotunan karnuka, ta ce baƙin nan shi ne na 23. Ta zaunar da ni ta yi mini karatu kamar mai aurar da 'ya. Da aka kawo shi bai san matakala ba, sai da ta riƙa ɗaga ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa. Bai san gilashi ba, ya taɓa zuwa da gudu ya daki ƙofa, don haka in manna takarda a tamu daidai idonsa. Bai san santsin daɓe ba, bai san madubi ba, bai taɓa kwana shi kaɗai ba, domin a keji ya tashi cikin 'yan'uwansa. Abin wuyansa mai faɗi ne na musamman, saboda kansa ya fi wuyansa sirantaka, na kowa da kowa zare shi zai yi. Kada in sake shi a fili, in ya ga abu ya ruga ba ya jin kira, kuma gudunsa na kaiwa kilomita 70 a awa. Ba shi da kitse, fatarsa kamar takarda, sanyi da zafi duk suna cutar da shi. Ta nanata abu ɗaya har sau uku: in yana barci kada a taɓa shi, a kira sunansa tukuna, ko da idonsa a buɗe yake, don sukan yi barci ido buɗe.

Ta naɗe tsohon bargonsa ta ba ni. Ta ce ba za ta zo ganinsa ba sai bayan wata uku, kada ta rikita shi. Ta ce, "In bai yi muku ba, ku dawo mini da shi, ba laifi." Ba ta raka mu mota ba. Ta ce ta ɗora ruwan shayi, ta juya ta shige.

Daren farko bai kwanta ba. Na shimfiɗa masa bargo, na kunna masa abin ɗumama ɗaki, na koma falo ina leƙensa ta gilashi. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin, kai a sunkuye, ba haushi, ba kuka, yana numfashi sama-sama. Ƙarfe goma sha ɗaya yana tsaye. Ƙarfe ɗaya yana tsaye. Abincin da na zuba masa bai taɓa ba sai da na kashe fitila, sannan na ji ƙarar kwano, cikin ƙiftawar ido ya lashe. Na san wannan cin. Haka nake yi a watannina na farko a Kano, in ƙi ci a gaban mutane, in an watse in cusa da sauri kada a ce na faye ci. Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofar daga waje, na ba shi baya. Wajen ƙarfe uku na ji ya zube a ƙasa kamar an yar da buhun itace.

Yara ne suka sa masa Dogo. Abin dariya, Turawan unguwa in sun ji sai su ɗauka kalmarsu ce ta shagwaɓa kare, su ce ashe mun sa wa kare suna kare. Na gaji da bayani na ƙyale su. Kuma duk wanda ya ɗauka karen tsere zai hana gida sakat bai san shi ba. Tafiyar minti 20 safe da yamma ta ishe shi, sauran yinin barci, awa 16 ko fiye, wani lokaci a rigingine ƙafafu huɗu a sama kamar mushen kyankyaso. Haushi sai ya yi mako bai yi ba. Gadin da na so in kafa hujja da shi a gaban malam, da ɓarawo zai shigo, iyakar Dogo ya buɗe ido ɗaya.

A mako na biyu na karya dokar tsohuwa. Na dawo daga Isha'i na gan shi kwance ido a buɗe, bargo ya zame, na sunkuya in gyara masa. Ban san lokacin da ya zabura ba. Gurnani ɗaya, haƙori ya karci bayan hannuna, jini ya fito. Kafin in miƙe ya koma lungu yana rawar jiki, jela tsakanin ƙafafu. Uwargida ta wanke mini ciwon ba ta ce uffan ba, sai da ta gama ɗaurewa ta ce, "Gobe ka mai da shi."

Na ɗauki waya da safe da niyyar haka. Tsohuwa ta saurara har na gama, ta ce ba mugunta ba ce, dabbar da duk rayuwarta ba wanda ya taɓa ta tana barci, in an taɓa ta sai ta farka da faɗa kafin ta san inda take. Sannan ta sake cewa in ba za mu iya ba in kawo shi, gurbinsa na nan. A nan na tuna inda na taɓa jin wannan magana. Ranar da mahaifina zai koma ƙauye ya bar ni, a zaure ya ce wa Goggo, "In ya yi miki rashin ji ki dawo da shi." Na ji da kunnena. Na yi shekaru ina tafiya a gidan nan kamar mai taka ƙwai, ko kofi na fasa sai in kwana ina jiran a haɗa mini kaya. Na ce wa tsohuwa a'a, tambaya kawai na kira in yi. Na ce wa uwargida ta ba ni wata ɗaya.

Watan bai cika ba 5 ga Nuwamba ta zo, daren da Turawan nan ke wasan wuta suna harba tartsatsi sama, gari ya ɗauki ƙara kamar ana yaƙi. Na je kai ɗana wani wuri, cunkoso ya riƙe mu. Da na dawo na tarar da uwargida zaune a kan kujera a bakin ɗakin gilashi, ta rataya zannuwanta a tagogi ta rufe walƙiyar, ta kunna rediyo, Dogo ya cusa kai ƙarƙashin kujerarta yana karkarwa. Hannunta bai taɓa shi ba, kamar yadda ta yi alkawari. Ta ce, "Kada ka ce komai. Rai ne." Tun daga ranar ba a sake maganar mayarwa ba. Ita ce ma ta fara kiran tsohuwar nan Goggon Dogo, sunan ya bi ta.

Wahalhalu ba su ƙare ba. Akwai ranar da kurege ya gifta mana, ya fizge ni har kafaɗata ta yi mako tana ciwo, na gode Allah da takunkumin. Akwai kwanakin da zai ƙame a tsakiyar hanya kamar gunki, ba gaba ba baya, mutane na wucewa suna kallon baƙin mutum da baƙin kare sun yi cirko-cirko. Na koyi in daina ja, in yi ɗan zagaye da shi sannan mu ci gaba. Na ware kayan fita da shi daban da kayan sallah, domin 'yan'uwanmu 'yan Pakistan da Somaliya da muke sahu ɗaya, a mazhabobinsu yawun kare najasa ne, kuma ba na son in sa kowa waswasi. Wani ɗan garinmu ya gan ni da shi ya ce, "Alhaji, ka zama Bature ke nan." Na ce masa kakana da bai taɓa ganin Bature kusa ba karnukansa biyar.

Sau ɗaya a wata nakan kama hayar wani killataccen fili na awa guda in sake shi. Ranar farko ya tsaya yana kallona, bai yarda an cire igiyar ba. Can sai ya tashi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jikin ya dunƙule ya miƙe, ya dunƙule ya miƙe, a kowane taku sau biyu ƙafafunsa huɗu na barin ƙasa, ƙarar sawunsa kamar doki a filin hawan sallah. Ya zaga sau biyu, duka ta hagu, ya dawo ya tsaya a gabana haƙoransa na kaɗawa don murna. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Sauran mintuna 59 da na biya, a kwance ya cinye su.

A watan Maris na 2023 na koma gwajin injin. Na yi minti 9 ɗin, na koma bakin sitiyari.

Bayan nan da kaɗan likitan dabbobi ya ce bakin Dogo ya lalace, abin da ya zama ruwan dare ga irinsu, sai an cire haƙori bakwai. Kuɗin ya haura fam 600, inshora kuma ba ta biyan haƙori. Na biya. Da daddare na buɗe waya ina duba abin da ya rage, idona ya faɗa kan jerin kuɗin da nake aikawa gida. Na Inna mahaifiyata kowane wata, ba fashi. Na ƙannena in sun nema. Na Goggo, sallah ƙarama da sallah babba. Na haɗa abin da na aika mata a shekara biyu, bai kai kuɗin haƙoran kare ba.

Matar da ta koya mini tsarki da alwala, ta sayar da ƙuli-ƙuli ta saya mini littattafai, ta kwana a kaina lokacin da na yi ƙyanda. Da na gama sakandare mahaifina ya aiko a mai da ni, aka ce ɗa ya girma ya koma gidan ubansa. Ranar aurena iyayena ne a gaba, ita tana wajen tukwane. Kuma na daɗe ina riƙe da ita a rai kan abu ɗaya: ranar da zan bar gidanta ba ta raka ni ko zaure ba. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta ce tuwonta zai ƙone, ta shige madafa. Na ɗauka ba ta damu ba ne. Sai da na kai shekara 54, bayan na ga wata Baturiya ta fake da ruwan shayi, sannan na yi lissafin cewa da hantsi na bar gidan, kuma Goggo ba ta tuƙa tuwo sai la'asar.

Na gyara abin da kuɗi ke iya gyarawa, wannan mai sauƙi ne. Kiran wayar ne ya yi mini nauyi. Na yi kwana huɗu ina ɗagawa. Ranar Juma'a na kira wayar yaron maƙwabta ya kai mata. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙirji. Ita ba ta faɗin sunana, tunda sunan mahaifinta ne. Ta ce, "Babana, an ce mini wai ka ajiye kare." Ashe labari ya riga ni isa. Na ce haka ne Goggo, na shirya jin faɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce mai sunan ma haka yake, ya fi sanin cikin karnukansa da na 'ya'yansa. Ta tambayi launinsa, na ce baƙi, ta ce a'uzubillahi, ta sake dariya.

Na ba ta labarin tsohuwar da ke riƙonsu, da hotuna 23 a jikin firji, waɗanda yanzu sun kai 27. Na gaya mata yadda ya kwana a tsaye daren farko. Abin da na kira in faɗa ya tsaya mini a maƙogwaro, na kasa. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

Ta ce, "Kai ma ai haka ka yi. A bakin ƙofa ka tsaya da ƙullin kayanka, na yi na yi ka zauna ka ƙi. Sai na hure fitila na juya maka baya kamar na yi barci. Sai da aka yi kiran assalatu na ji ka kwanta, a ƙasa, ka bar tabarmar."

Na ce, "Goggo, ashe ba ki yi barci ba."

Ta ce, "Wane barci? To shi karen, yanzu yana cin abinci a gabanku?"

Na leƙa ta gilashi. Yana rigingine a kan bargon tsohuwa, harshe ya zubo ta gefen da aka cire haƙoran. Na ce yana ci, har ya fara roƙo. Ta ce to madalla, in bar ta haka, yaron mutane na jiran wayarsa.